Idan Karon Farko Ne Za Ka Shiga Sujadar Kirista

Ina cikin masu tsayawa a bakin ƙofar majami'a ranar Lahadi muna tarbar mutane, kuma baƙon da bai taɓa shiga sujada ba ba ya ɓace mini. Yakan rage sauri idan ya kusa ƙofa, ya dubi ƙafafun masu shiga don ya gane ko ana cire takalmi, sannan ya ja gefe kamar mai jiran wani. Wani abokinsa ne ya gayyace shi, wani ɗaurin aure ko jana'iza ce ta kawo shi, wani kuwa son gani da ido ne kawai. Ko wanne ne kai a cikinsu, ka kwantar da hankalinka. Ba a yi wa baƙo jarrabawa a ƙofa, kuma kusan duk abin da za a yi kana iya bi ko ka zauna ka kalla. Wuri ɗaya ne tak ya kamata ka san matsayinka tun kafin a kai gare shi, wato Jibin Ubangiji, lokacin da ake raba gurasa da ruwan inabi domin tunawa da Yesu.

Takalmi dai ba a cirewa a yawancin majami'u, sai irin su Orthodox na Habasha. Ka sa tufafi masu tsabta da mutunci, ya wadatar. Namiji yakan cire hular kansa a majami'u da yawa, wasu kuma suna so mace ta rufe kai, saboda haka ka tambayi wanda ya gayyace ka. Ka rufe ƙarar wayarka. Ka zo da sauran minti 10 ko 15 kafin a fara, ka karɓi takardar tsarin sujada idan ana rabawa.

Wajen zama, baƙi sun fi son kujerar ƙarshe, ni kuwa ba na ba su wannan shawara. Can baya ne wurin masu makara da masu fita da yaro mai kuka, hankalinka zai rabu. Ka nemi tsakiya, kusa da hanyar wucewa. A nan akwai mutane a gabanka, idan sun tashi ka tashi, idan sun zauna ka zauna. Idan sun durƙusa kuma ba ka so, ka ci gaba da zama, babu mai waiwayowa.

Majami'u sun bambanta ƙwarai. A Katolika sujadar Lahadi takan ɗauki wajen awa ɗaya, komai a tsare, fada, wato limaminsu, yana faɗa jama'a suna amsawa. A Orthodox ana tsayuwa mai yawa, ga turare, ga hotunan tsarkaka. A Fentikos za ka ji kiɗa da tafi, wani ya ɗaga hannu, wani ya yi addu'a da ƙarfi, kuma awa biyu ba abin mamaki ba ne. 'Yan Adventist ma ranar Asabar suke taruwa. Amma ƙashin bayan sujadar ɗaya ne, kuma tsoho ne. Wajen shekara ta 150, wani Kirista a birnin Rum mai suna Justin, wanda daga baya aka kashe shi saboda bangaskiyarsa, ya rubuta yadda suke yi ranar Lahadi: ana karanta rubuce-rubucen manzanni da na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi a kai, jama'a su tashi su yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi, a kuma tara gudummawa domin marayu da gwauraye da marasa lafiya da baƙi. Idan ka riƙe wannan jeri a kanka, da wuya ka ɓata a kowace majami'a.

Da waƙa ake farawa a mafi yawan wurare. Kalmomin suna cikin littafin waƙoƙi, a kira lamba ka buɗe, ko kuma a haska su a allo. Idan ba ka san muryar waƙar ba, ka tsaya ka karanta kalmomin da ido. Ina ganin nan ne baƙo ya fi saurin gane abin da mutanen wurin suka gaskata, domin abin da jama'a ke rerawa mako bayan mako shi ne ya fi zama a zuciyarsu.

Sai karatun Littafi Mai Tsarki. Idan ka ji an ce "Yohanna 3:16", ana nufin littafin Yohanna, sura ta 3, aya ta 16. Kada ka yi ta fama da shafuka, akwai jerin littattafan a farko tare da lambar shafi. Littattafai 66 ne a wurin Furotesta, 73 a wurin Katolika, 27 daga ciki su ne Sabon Alkawari a ɓangarorin biyu. Sau da yawa na ga maƙwabcin zama ya matso da nasa littafin, ya ɗora yatsa a kan ayar don baƙo ya bi. Idan an yi maka haka, ka karɓa. A Katolika da Anglika ana tashi tsaye idan za a karanta Bishara, wato littattafan da ke ba da labarin Yesu, girmamawa ce ga maganarsa.

Wa'azi yana biyo baya. Na fada yakan yi gajere, na fasto a Baptis ko Fentikos yakan kai minti 40 ko fiye. Wasu fastoci sukan rufe da kira, su ce duk mai son ba da ransa ga Yesu ya ɗaga hannu ko ya fito gaba. Wannan gayyata ce, kuma abu ne mai nauyi. Kada ka fita don kunyar wanda ya kawo ka. Idan zuciyarka ba ta kai nan ba, zamanka ya fi gaskiya, kuma fasto mai hankali ya san haka.

Haka ma shaidar bangaskiya, wadda jama'a ke faɗa baki ɗaya suna cewa "Na gaskata da Allah Uba Mai Iko Dukka". Akwai ta Manzanni, akwai kuma ta Nikiya wadda ta samo asali daga taron shugabannin ikilisiya na shekara ta 325. Furci ne na imani, don haka wanda bai gaskata ba yana iya yin shiru. Addu'ar Ubangiji, "Ubanmu wanda ke cikin sama", tana Matiyu sura ta 6 idan kana so ka duba ta kafin ka zo. A wasu majami'u akwai lokacin gaisuwar salama, na kusa da kai zai miƙo hannu ya ce salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Ka karɓi hannun ka mayar masa da ita.

Baiko, wato gudummawar da ake tarawa a sujada, ba kuɗin shiga ba ne. Za a zagayo da jaka ko faranti, ko a fita layi zuwa gaba. Idan kana da niyya ka saka, idan babu ka miƙa wa na gaba.

Yanzu Jibin Ubangiji. Tushensa cin abincin ƙarshe da Yesu ya yi da almajiransa a daren da aka bashe shi, inda ya ba su gurasa da ƙoƙon ruwan inabi ya ce su riƙa yin haka domin tunawa da shi. Manzo Bulus ya ba da labarin a 1 Korantiyawa sura ta 11. Katolika da Orthodox sun gaskata cewa gurasar da ruwan inabin sun zama jiki da jinin Almasihu da gaske, shi ya sa 'ya'yan ikilisiyarsu da suka shirya ne kaɗai suke karɓa. Majami'un Anglika da yawa suna marabtar duk Kiristan da aka yi wa baftisma, wato alamar shiga Kiristanci da ake yi da ruwa. Baptis da makamantansu suna ɗaukarsa a matsayin tunawa, sukan yi shi sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka, galibi da ruwan 'ya'yan inabi marar sa maye a ƙananan kofuna. Mai jagora yakan faɗi waɗanda aka gayyata kafin a fara, ka kasa kunne a daidai nan.

Idan ba Kirista ba ne kai, ko ba a yi maka baftisma ba, ko ba ka tabbatar da ƙa'idar wurin ba, kada ka karɓa. Layinku zai tashi, sai ka ja ƙafafunka su wuce, ka zauna. Idan zagayo da shi ake yi, ka miƙa tiren gaba. Ba kai kaɗai za ka rage a zaune ba, ko cikin 'yan ikilisiya akwai masu ƙin karɓa a wata ranar saboda dalilinsu, kuma ba a tambayar kowa. Ina nanata wannan ne domin abu ne mai tsarki a wurin masu shi, kuma ban so baƙo ya bi layi don kunya sannan ya fita da damuwa a ransa.

Idan ka zo da yara, yawanci akwai makarantar Lahadi da ake kai su lokacin wa'azi. Kana da damar raka su ka ga ɗakin da malamansu, ko ka bar su a gefenka.

Wajen sanarwa wasu majami'u sukan ce baƙi su tashi a gan su. Tafi ne da hannun gaisuwa, wani lokaci da kati na rubuta suna da lambar waya. Ka cike abin da kake so ka bar sauran. Daga nan sai addu'ar sa albarka, ka jira a gama ta kafin ka tashi. Fasto ko fada yakan tsaya a ƙofa yana gaisawa da masu fita, kuma wannan ne lokacin da ya fi dacewa ka ce masa yau ne zuwanka na farko. Idan akwai abin da ka gani ko ka ji bai shige ka ba, ka tambaye shi a nan, ko ka nemi ya sa maka rana a cikin mako ku zauna.