Yadda Ake Zaɓen Wuƙar Aljihu Mai Naɗewa Wadda Za Ta Taɓa Abinci

Duk mai zirga-zirga tsakanin Terminus da kasuwar Farin Gada a Jos ya san ranar ƙaramar wuƙa: da ita ake tsinke igiyar buhun dankali, a fere lemo, a yanka albasa idan an yada zango a gona. Sai dai wuƙar da za ta shiga abinci ba a sayenta don kyan ƙota.

Da farko ka dubi ruwanta. Tsawon santimita 7 zuwa 9 ya wadatar, kuma siririn ruwa ya fi, domin mai kauri tsaga karas yake yi maimakon ya yanka shi. Opinel lamba 8, wadda ake ƙerawa a Faransa, ruwanta santimita 8.5 ne, ita ce ma'aunin da nake gwada sauran da shi. Wadda ta wuce haka nauyi ce kawai, kuma za ta jawo maka tambayoyi a shingen jami'an tsaro.

Daga nan sai makulli. Ka buɗe wuƙar, ka kawar da yatsunka daga hanyar kaifin, sannan ka danna bayan ruwan a jikin katako; idan ta yi alamar rufewa, ka ajiye ta. Opinel tana da zoben da ake murɗawa ya riƙe ruwan, wanda aka ƙara mata a 1955, yayin da yawancin ƙananan wuƙaƙen Victorinox na Suwizalan sifirin kaɗai ke riƙe su.

Na uku shi ne ƙarfen. Wanda aka rubuta wa Carbone yana karɓar washi da sauƙi, amma tumatir da lemon tsami suna baƙanta shi, kuma a daminar Jos kwana ɗaya a jiƙe ya isa tsatsa ta kama shi. Mai yawan yanka kayan miya ya ɗauki wanda aka rubuta wa Inox, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne gaɓar da wuƙar take naɗewa, alhali nan ne ruwan nama da ƙurar aljihu suke taruwa. Na taɓa yanka tsire da tawa, na goge ruwan na naɗe, bayan kwana biyu da na zo fere mangwaro sai ƙarni ya tarbe ni daga cikin ƙotar. Saboda haka ka leƙa ramin da ruwan yake kwanciya tun kafin ka biya: shin tsohon buroshin haƙori zai shiga? Mai ruwa ɗaya ta fi mai tarkacen almakashi da mabuɗin kwalba sauƙin wanki. Idan ƙotar ta katako ce, kada ka jiƙa ta, domin kumbura take yi har buɗewa ta gagara. Ka wanke, ka shanya ta a buɗe, sannan ka ɗiga man girki kaɗan a gaɓar, ba man inji ba.