Kurakuran masu fara kallon taurari

Kusan duk shekara sai wani ya sallamo gidana a Yalwa ɗauke da kwali, ya ce, "Malam, ga madubin da na saya, amma ba na ganin komai." Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskure shi ne sayen madubin hangen nesa saboda lambar da ke jikin kwali. Ni ma ta nan aka cuce ni. Tarin wata uku na kwashe na yi oda ta intanet, don na ga an rubuta yana ƙara girman abu sau 675, ga hoton Zuhal, duniyar nan mai zobe, da zobensa ɓaro-ɓaro. Da na kafa shi a tsakar gida, iska kaɗan ce za ta kaɗa ƙafafunsa su kama rawa, wata kuwa sai ya fito dishi-dishi, kafin in daidaita ido ya sulale. Har yau idan na tuna raina na ɓaci. Wannan lamba ƙarya ce tsagwaronta! Faɗin gilashin gaba shi ke tara haske, kuma iyakar ƙarfinsa ba ta wuce ninki biyu na faɗin nan a milimita ba. Gilashi mai milimita 60, a sau 120 ya ƙure. Galileo da ya gano watannin duniyar Mushtari guda huɗu a 1610, madubinsa kusan sau 20 kawai yake ƙarawa.

Ni abin da nake sa almajiraina su yi: wata uku da ido zalla, har sai sun iya nuna Kaza da 'Ya'yanta ba tare da duba waya ba. Daga nan a nemi madubi mai ido biyu, 10x50 (wato mai ƙara girma sau 10, faɗin gilashinsa milimita 50), a jingina gwiwar hannu a kan katanga. Wasu abokaina ba su yarda da wannan jiran ba, amma ni haka na ga ya yi.

Kuskure na biyu, kuma a nan ba na wasa: kallon rana. Wata ranar Asabar na bar madubina a waje na shiga ciki, ina fitowa na tarar ƙanena ya juya shi sama yana shirin kafa ido. Tsawar da na daka masa har maƙwabta sun ji. Na sa takarda a inda idonsa zai kasance, nan take ta fara hayaƙi. Ku iyaye da yayye, wane irin sakaci ne a bar wannan abu a hannun yara da rana tsaka? Baƙin gilashi ko tsohon fim ɗin hoton asibiti ba sa kare komai. A rufe bakin madubin, a kai shi ɗaki.

Saura ƙanana ne. Kada a jira daren goma sha huɗu don kallon wata. A daren bakwai ko takwas ga wata ne ramukansa ke fitowa da inuwa. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, leƙa WhatsApp sau ɗaya ya rushe shi. Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, kuma duniya ce, ba tauraro ba. Da hunturu hazo kan cinye rabin taurari, don haka ni nakan jira daren da aka ɗauke ruwa, in hau babur in bi hanyar Dass har fitilun gari su ɓace a bayana.