Kurakuran da masu ba tsuntsun hummingbird ruwan sukari ke ta maimaitawa

Duk shekara sai 'yan uwanmu sababbin zuwa Amurka sun rataya kwalbar ruwan sukari a baranda saboda ɗan mitsitsin tsuntsun nan mai tsayuwa cak a iska, kuma duk shekara kurakuran ba sa canzawa.

Zuma dai don Allah a bar ta. Na san a wajenmu magani ce, shi ya sa hannu ke saurin kai mata. Amma da an sirka ta da ruwa sai ta yi tsami, ta haifar da fumfuna mai kama harshen tsuntsun, ya kasa sha. Halittar da ba ta wuce giram 3 zuwa 4 ba, ina za ta iya da wannan? Farin sukari awo 1, ruwa awo 4, shi ke nan. Ban da sukari mai ruwan ƙasa, ban da jan kala. Jan da ke jikin kwalbar ya isa ya kira shi.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne barin ruwan ya kwana biyar, shida a zafin Yuli. Ya taɓa korar mini tsuntsaye har ƙarshen shekara. Ka ɗaga kwalbar ka duba: ruwan ya yi dishi-dishi, bakin ramukan da tsuntsun ke sha ya yi baƙi-baƙi, sai warin tsami. Wannan za ka ba baƙo? In ba za ka iya wankewa ba, malam, sauke ta ka shuka furanni, ya fi. Ni rabi nake cikawa, in canza bayan kwana biyu, kullum ma in zafi ya tsananta, in goge ramukan da ruwan zafi da tsohon buroshin haƙori. Ba na sa sabulu.

Wasu kuma da Satumba ta kama sai su sauke kwalba, wai kada tsuntsun ya ƙi ƙaura. Raguwar tsawon yini ce ke tashinsa. Irin hummingbird mai jan maƙogwaro na gabashin Amurka, wani kan ratsa Tekun Meksiko, kusan kilomita 800, ba sauka. Gab da ƙaurar ne ya fi bukatar ya tara kitse. A bar kwalbar mako biyu bayan an ga tsuntsu na ƙarshe. Mazauna gaɓar yamma, kamar Siyatil, akwai irin da ke yin hunturu tare da ku. Ku shigar da kwalbar da dare kada ta daskare, ku fitar da asuba.

Tururuwa, ɗan kofin ruwa a saman maratayi ya tare ta. A daina fesa maganin ƙwari, ƙananan ƙwari ne abincin 'ya'yan tsuntsayen. Namiji na korar kowa? Rataya kwalba ta biyu a inda ba ya hangowa.