Furen magariba: yadda na rufe gefen gidana da shi

Oenothera macrocarpa ake kiransa a littattafan tsirrai, ni kuwa furen magariba nake ce masa. Ɗan asalin tsakiyar ƙasar Amurka ne, jihohi irin su Misuri, Kansas, Oklahoma da Teksas, inda yake fitowa a kan fako mai duwatsu. Tsayinsa ba ya wuce santimita 30, sai dai ya kwanta ya miƙe rassa gefe-gefe.

Shekarar farko na kashe shi da gata. Na sa shi a ƙasa mai laka, na zuba taki, kullum ina ban ruwa. Hunturu na wucewa na tono gindin, ya ruɓe kamar dafaffen dankali. Wannan tsiro wahala ce abincinsa. Nemo inda rana take dukan wurin yini guda, ƙasa mai tsakuwa da yashi wadda ruwa ba ya kwana a kanta. In laka ce gare ka, tada kunya, ka cakuɗa tsakuwa sosai. Taki kam, manta da shi.

A wurare masu sanyi irin mahaifarsa, iri ake shukawa a ƙarshen Oktoba, a rufe da ƙasa sama-sama, sanyi ya ratsa shi. In dashe ka sayo, zaɓi ƙanana, ka bar tazarar santimita 45 zuwa 60. Saiwarsa guda ce mai kauri, tana nutsawa ƙasa, saboda haka inda ka sa shi nan ne gidansa. Ciro shi daga baya asara ce. Yana jinkirin farfaɗowa bayan sanyi, kafa tsinke a wurin kada ka nome shi da hannunka.

Daga Mayu yake fara fure. Da la'asar sakaliya toho zai buɗe, rawaya mai faɗin tafin hannu, washegari da rana ya yi yaushi. Zumar tana can ƙasan wani dogon bututu, sai manyan faɗa-wuta masu dogon harshe ke iya kaiwa. Sukan tsaya cak a iska suna tsotsa, garin furen na manne musu. Da safe ƙudan zuma su zo kalen abin da ya saura. Domin su ne na daina fesa maganin ƙwari, ina kuma kashe fitilar ƙofa da dare.

A kula da ɗan'uwansa mai ruwan hoda, Oenothera speciosa. Shi ta ƙarƙashin ƙasa yake yaɗo, in ya shiga fili sai ya cinye shi. Nawa na tsare shi tsakanin siminti da siminti, har yanzu ina tsintar 'ya'yansa a tsagar daɓe.