Yadda nake horar da ɗaliban kula da haƙora kafin su taɓa bakin majiyyaci

Duk ɗalibin da aka turo mini koyon aiki a ɗakin haƙora a nan Damagaram, ba na miƙa masa ƙarfen kankare dauɗar haƙora a farkon zuwansa. Madubin baki da fitila ne rabonsa. Wanda idonsa bai iya bambanta lafiyayyen dasashi da mai ciwo ba, hannunsa ɓarna zai yi. Ga tsarin da nake bi, ko zai amfani abokan aiki da aka ɗora wa nauyin horarwa.

Ana farawa da ƙidaya. Babba yana da haƙora 32, yaro yana da 20 na nono. An raba baki kashi huɗu, kowane haƙori da lambobi biyu: ta farko ɓangarensa, ta biyu matsayinsa daga tsakiya. Lamba 11 haƙorin gaba ne na sama a dama, kuma damar majiyyaci ake nufi, a nan ɗalibai suka fi rikicewa. Ina dagewa a kan turame huɗu, 16 da 26 da 36 da 46. Suna fitowa wajen shekara shida a bayan na nono ba tare da wani ya faɗi ba, sai iyaye su ɗauka su ma za su fita, a bar su su yi kogo. Ɗalibin da ya gane wannan zai ceci haƙoran yara da yawa.

Sai zama da riƙo, kuma a nan nake daɗewa. Baya a miƙe, gwiwar hannu kusa da jiki, madubi ne zai nuna maka bayan haƙoran sama don kada ka riƙa lanƙwasa wuya. Ƙarfe ana riƙe shi ne riƙon alƙalami, yatsan da ke maƙwabtaka da ƙaramin yatsa kuma a tokare shi a kan haƙorin da ke kusa. Wannan tokarar ita ce birkin hannu. In majiyyaci ya zabura ko ya yi tari, ita ke hana ƙarfe zamewa ya yanki kunci. Da na ga yatsan nan yana shawagi sai in tsayar da aiki, ko da ɗalibin ya kusa gamawa.

Gwajin farko a kan haƙoran da aka cire muke yi, bayan an kashe ƙwayoyin cutarsu an dasa su cikin filasta. Ina shafa musu jan farce a gindi, in ce a kankare. Jan da ya rage yana tona inda aka tsallake, ƙarcen da aka bari kuma yana tona nauyin hannu. Bakin ƙarfen kaɗai ke aiki, a sa shi ƙarƙashin dauɗar da ta daskare, a jawo gajere-gajere zuwa kan haƙori.

Ma'aunin dasashi, siririn ƙarfen nan mai zanen milimita, shi ma sai an koyi nauyinsa. Ina sa ɗalibi ya danna shi a ƙarƙashin farcensa: da wurin ya yi fari ba tare da zafi ba, iyakar ƙarfin ke nan. Zurfin milimita 1 zuwa 3 tsakanin dasashi da haƙori lafiya ce, daga 4 zuwa sama rami ya fara, kuma wuri shida ake aunawa a kowane haƙori, a rubuta inda jini ya fito. Daga nan sai su auna juna, mata da mata, maza da maza. Wanda ya kwanta a kujerar nan ya ji ƙarfe a dasashinsa, hannunsa yakan yi laushi da kansa.

Tsafta ba ta da sassauci. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin a fara aiki, safar hannu sabuwa ga kowane mutum, takunkumi da tabarau. A wanke kayan aiki da burushi tukuna, domin tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta ba ta wanke busasshen jini, sannan su yi minti 18 a cikinta a zafin digiri 134. In wuta ta ɗauke a tsakiya, a sake daga farko, ko da layi ya kai bakin ƙofa.

Ranar da ɗalibi zai karɓi majiyyacinsa na farko, ina tsaye a bayansa. Ya gaisa sosai, ya tambayi hawan jini, ciwon sukari, juna biyu, da ko ana shan maganin da ke tsinka jini. Ya fara duba bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda yawu ke taruwa, can dauɗa ta fi daskarewa, ga kuma rinin goro da na shayi. Mutanenmu da yawa suna tsoron wankin haƙora, wai yana sa su girgiɗi. Shi ya sa nake koya wa ɗalibi ya riga faɗi: "Baba, dauɗar nan ce ta cike tsakanin haƙoranku. In na cire za ku ji iska da sanyi na ƴan kwanaki, ba haƙori na fasa ba." Ya kuma nuna masa ɓarɓashin a kan auduga.

Goge baki a nuna shi da hannu. Burushi mai laushi a karkace wajen dasashi, minti biyu, safe da dare, da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori), a tofar kada a kurkure. Ban yarda ɗalibi ya raina asuwaki ba. Dattijon da ya saba da shi, a nuna masa yadda zai kai shi turamen baya da ta ciki, ya riƙa yanke bakin da ya tsufa. Gawayi da toka su ne nake hanawa, suna cinye fatar haƙori.

Abin da ba na barin kowa ya tafi bai sani ba shi ne cutar da likitoci ke kira "noma", mai cin naman baki da fuska, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba 2023. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, kuma daga dasashi take farawa. Jini a dasashi, wari mai tsanani, yawu yana dalala, kunci ya kumbura: cikin kwanaki kaɗan tana iya huda fuska, alhali a wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A nan Damagaram (Zinder) ƙungiyar agaji ta Sentinelles tana da cibiyar kula da masu wannan cuta. Ɗalibin da ya ga yaro a haka, ya ajiye ƙarfe ya kira ni, ya kuma raka uwar da ƙafarsa har gaban likita a ranar, kada a ce mata ta dawo gobe.