Yadda za ka sa bincike ya riƙa nuna sabon bayani idan saba (server) biyu gare ka

Watan jiya wani mai shagon kayan waya can Tsohuwar Kasuwa ya kira ni da rana tsaka, ya ce Malam na canza kuɗin caja tun safe amma kwastoma na ta turo hoton tsohon farashi, har an yi cacar baki a gaban shago. Shafin intanet nashi Solr yake amfani da shi, wato manhajar bincike, a kan saba biyu, wato kwamfutocin da ka riƙe aikin, saba ɗaya tana tattara kaya tana gina kundin bincike, ɗayar kuma, wadda ake kira mabiyiya, ita mutane ka tambaya. Tsari ne mai kyau wallahi, don aikin rubutu ba ya danne masu bincike, sai dai in ba a saita ba ta biyun tana nan da kayan jiya.

Abu na farko, buɗe solrconfig.xml na babbar saba, wadda ake kira jagora, ka shiga wurin replication, wato wurin kwafe kundi zuwa mabiyiya, ka sa replicateAfter ya zama commit, wato tabbatar da sabon canji a kundi, ka ƙara startup saboda ranar da aka ɗauke wuta inji ya sake tashi.

Sai maganar commit ɗin kanta, nan ne mafi yawa ka faɗuwa. Iri biyu ne, akwai mai taushi akwai mai tauri. Mai taushin yana nuna sabon kaya a kan wagga sabar kawai, bai rufe aikin a faifai ba, don haka mabiyiya ba ta ganin komai ko da za ta tambaya sau ɗari. Shi abokin namu mai taushin kaɗai ya saita, yana dubawa a jagora ya ga sabon farashi ya ɗauka an gama. To ka sa autoCommit, shi ka yin mai taurin da kanshi, da maxTime 60000, wato minti ɗaya ke nan tunda da milisakan ake lissafi.

Daga nan koma wurin mabiyiya ka ba ta adireshin jagora, yawanci a fot (port) 8983, sannan pollInterval kamar 00:00:20. Duk sakan 20 za ta leƙa ta tambayi lambar kundi, in ta canza sai ta jawo sabbin gutsattsarin fayil kawai ba duka ba. Yi lissafi da kanka, minti ɗaya da sakan 20 da ɗan lokacin jawowa, kusan minti ɗaya da rabi ke nan, ga shagon waya ya isa haka.

Don Allah ka bar yawan yin optimize. Yana dunƙule kundin duka wuri guda, sai mabiyiya ta sake jawo komai daga farko, in netwok ɗinka irin namu ne kuma sai ka ga awa ta wuce ba a gama ba. Haka autowarmCount, wato yawan tsofaffin sakamakon bincike da ake sake lodawa in sabon kundi ya zo, in ya yi yawa sabon bincike zai daɗe bai buɗe ba, rage shi.

In ka gama, gwada. Canza farashin abu ɗaya, jira minti biyu, ka kira command=details a mabiyiya ka duba ko lambarta ta zo ɗaya da ta jagora. In ba ta zo ba tura command=fetchindex da hannu ka karanta log, wato rahoton aikin sabar. Mu ranar nan haka muka yi, kafin la'asar cajar ta fito da sabon kuɗinta a wayar yaron shagon.