Kurakuran da yara ke yi in an ba su babbar lamba a ce su tantance ta

Ina koyar da lissafi a lesin yamma nan Gusau, kuma duk shekara in jarrabawar WAEC da NECO ta matso abu guda nika gani. Satin da ya wuce na rubuta 1,000,001 bisa allo na ce wanga firam ne ko a'a, wato lambar da ba mai raba ta sai 1 da ita kanta. Kusan duk aji sunka ce firam ne. Dalili? Wai mara ce, kuma ta ƙare da 1.

To nan ne kuskuren farko kuma shi ya fi ci min rai, ɗaukar cewa kowace lamba mara firam ce. 91 mara ce amma 7 sau 13 ne. Shi kuma 1,000,001 ɗin 101 sau 9,901 ne, ka buga a kalkuleta ka gani da idonka. Kuma ku daina saka 1 cikin firam don Allah, masu raba firam biyu ne cif, shi 1 ɗaya gare shi. 2 kuwa firam ce duk da cika ce, ita kaɗai ce haka.

Sai maganar 3. Yaro ya ga lamba ta ƙare da 3 ko 6 ko 9 sai ya ce 3 na raba ta, a'a ba wutsiya ake dubawa ba, haɗa lambobin cikinta za ka yi, kamar 123,123 in ka haɗa 12 ne, 3 na raba 12 to tana raba uwar ma. Amma wannan dabara ta 3 da 9 ce kawai, kar ka ja ta zuwa 7, na ga masu yi.

Wanda ke cinye lokaci a zauren jarrabawa shi ne gwajin da ba iyaka, mutum ya yi ta rabawa har rabin lambar gumi na zuba. Tsaya a sikwaya rut ɗinta, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wadda anka ba ka ko kusa da ita. In 2,027 anka ba ka, 45 sau 45 ya ba da 2,025, don haka firam ɗin da ba su wuce 45 ba kaɗai za ka gwada, na ƙarshensu 43, in babu wadda ta shiga ka rubuta firam hankali kwance. Sai dai fa a gwada su duka, 2,021 takan kayar da yara don sai a 43 take fashewa, 43 sau 47.

Nakan ba su labarin Fermat don kar su karaya, babban masani ɗan Faransa da ya zaci 4,294,967,297 firam ce, sai a 1732 wani masanin lissafi mai suna Euler ya nuna 641 na raba ta. Ranar Asabar 10,001 zan ba su, wanda ya fara gano min cewa 73 na raba ta shi zai fito allo ya nuna wa sauran.